Inji uku a saba ɗaya: nazarin ƙaurar manhajar wani kamfanin susu a Kumasi

Kamfanin da wannan nazari ya shafa susu yake karɓa a Kumasi, wato ajiyar kuɗi da ake zubawa kullum. Ma'aikatansa kan zagaya Kejetia da Alabar da Aboabo da Asawase kowace rana, su karɓi zubin 'yan kasuwa, su cike musu kati, da yamma su koma reshe su shigar da abin da suka tara a kwamfuta. Akwai kuma masu zubi ta momo, wato kuɗin wayar salula, waɗanda kuɗinsu ke biyowa ta hannun wani kamfanin hada-hadar kuɗi kafin ya sauka a asusunsu. Irin waɗannan sun samu sauƙi tun da GhIPSS, kamfanin da ke kula da hada-hadar biya tsakanin bankunan Gana, ya haɗa layukan momo da juna a 2018. Na uku shi ne bankin da kamfanin ke ajiya, wanda kwamfutarsa ke kiran ta kamfanin don a daidaita lissafi. Duka ukun da saƙon SOAP, wato wata ƙa'idar musayar saƙo tsakanin kwamfutoci, suke magana da manhajar kamfanin, amma kowa da irin nasa SOAP ɗin. Wannan bambanci ya daɗe a kwance bai tayar wa kowa da hankali ba, saboda kowane kashi na manhajar yana zaune ne a sabarsa shi kaɗai, wato kwamfutar da ke gudanar da shi.

Kashin da ya fi tsufa shi ne rassa.war. Da Apache Axis 1.4 aka gina shi, injin sarrafa saƙon SOAP da ya fito tun 2006, kuma shafin PHP da rassan ke amfani da shi yana kiransa da salon rpc/encoded. Na biyu biya.war, mai ɗauke da nasa injin, Apache CXF na jerin 3, tare da Spring a cikin WEB-INF/lib, shi ke karɓar sanarwar biya daga kamfanin momo, kowane saƙo da sa hannu na WS-Security. Waɗannan biyun a kan Tomcat suke. Na uku lissafi.jar, azuzuwan EJB ne masu alamar @WebService, yana kan wata tsohuwar JBoss, ba shi da injin kansa, na saba yake hawa. Banki na kiransa da SOAP 1.2, shi kuma yana kiran kamfanin aika saƙon tes ta hanyar @WebServiceRef don a sanar da mai zubi cewa kuɗinsa ya shiga.

Dalilin ƙaura bai da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa riƙe ɗakin kwamfuta a Gana lokacin dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Sabobi uku suna cin batir da man janareta fiye da ɗaya, kuma Alhaji mai kamfanin ya gaji da biya. Aka yanke a haɗa komai cikin fayil guda, susu.ear, a ɗora a kan WildFly 26.1 da Java 11. Zaɓen 26.1 da gangan aka yi shi. Jakarta EE 9 ta sauya sunayen azuzuwa daga javax zuwa jakarta a 2020, kuma daga WildFly 27, wadda ta fito a 2022, sabar ta koma sabbin sunayen. AxisServlet kuwa a kan javax.servlet aka gina shi, haka ma CXF 3. Saboda haka 26.1 ce tashar ƙarshe da wannan manhaja za ta iya sauka ba tare da an sake rubuta ta ba.

Abin da saba ke yi kafin manhaja ta tashi

Wanda ya saba da Tomcat yakan ɗauka saba wuri ne kawai da ake ajiye WAR, wato fayil irin rassa.war ko biya.war, ta gudu. Tomcat ba ya da injin SOAP, don haka ba ruwansa da alamar @WebService, duk abin da ka zo da shi a WEB-INF/lib shi ke aiki. WildFly cikakkiyar sabar manhaja ce. Da zarar an ɗora fayil, sai ta bi azuzuwan ciki ta tattara alamominsu, sannan ta miƙa su ga sassanta ɗaya bayan ɗaya. Sashen webservices, wanda shi ne JBossWS a kan CXF na sabar, yana ɗaukar duk aji mai @WebService a matsayin nasa: ya buɗe masa ƙofa, wato wurin da masu kira ke aiko saƙo, ya ƙirƙiro masa WSDL, takardar da ke bayyana yadda ake kiran ƙofar, ya ba shi adireshi. Ba ya tambayar ko akwai wani injin a cikin fayil ɗin da ke shirin yin wannan aikin. Ke nan tambayar wane inji da wace ƙa'ida za su riƙe kowace ƙofa a lokacin ɗorawa ake amsa ta, kuma in ma'aikaci bai rubuta amsar ba, saba za ta amsa da kanta bisa tsarinta na asali.

Ɗorawar farko ba ta kai ko'ina ba. Sabar ta ƙi karɓar fayil ɗin, ta bar saƙo mai lamba WFLYWS0059 a rajistarta, cewa ta ga laburaren CXF a cikin fayil mai ƙofar SOAP. Saƙon ya ba da mafita biyu: ko a cire CXF ɗin da aka zo da shi a dogara da na saba, ko a kashe sashen webservices ga wannan fayil ta hanyar jboss-deployment-structure.xml. Wannan ƙin karɓa alheri ne, domin taura biyu ba ta taunuwa. Da an bar injinan biyu sun tashi tare, azuzuwa masu suna ɗaya za su fito daga wuri biyu, kuma kuskuren da za a riƙa gani shi ne ClassCastException ko LinkageError a tsakiyar aiki, lokacin da kuɗin mutane ke kan hanya.

Masu aikin sun zaɓi mafita ta biyu ga biya.war, kuma suna da hujja. Duk tsarin sa hannu da tantance takardar shaidar kamfanin momo a cikin fayilolin Spring aka rubuta shi, JBossWS na zamanin nan kuwa ya daina haɗin gwiwa da Spring. Komawa injin saba na nufin sake rubuta tsaron gaba ɗaya da WS-SecurityPolicy da jaxws-endpoint-config.xml, sannan a sake zaman gwaji da kamfanin momo. Ba a haɗa irin wannan aiki da ƙaurar saba a mako ɗaya. Amma zaɓin yana da farashi da ya kamata a faɗa a fili: daga ranar, duk wani gyaran tsaro da ya fito wa CXF ko WSS4J a wuyan kamfanin yake, sabunta saba ba zai taɓa jar ɗin da ke cikin WAR ba.

Inda aka ajiye fayil ɗin, da abin da ya kashe

An fara sa jboss-deployment-structure.xml a cikin WEB-INF na biya.war. Ga WAR mai zaman kanta wurin daidai ne. A cikin EAR kuwa, wato babban fayil irin susu.ear da ya haɗa sassan, saba ba ta karanta shi sai daga META-INF na EAR ɗin kansa, wanda ke cikin ƙananan sassa gargaɗi kawai take rubutawa cewa ta yi watsi da shi. Kuskuren ya dawo yadda yake.

Sai aka ɗauke fayil ɗin zuwa META-INF na susu.ear ba tare da an taɓa abin da ke cikinsa ba, wato umarnin exclude-subsystems yana ƙarƙashin deployment. Nan ne ɓarnar gaske ta faru, domin ɗorawa ta yi nasara. Babu jan rubutu a rajista, shafin shiga ya buɗe, saƙon gwaji na momo ya wuce. Amma a cikin EAR, deployment na nufin uwar fayil ɗin, kuma abin da aka kashe mata ya sauka a kan sassan da ba su da nasu umarnin. Sashen webservices ya mutu ga lissafi.jar, kashin da ba shi da wani inji sai shi. Azuzuwan EJB sun tashi lafiya a matsayin EJB, amma ba wanda ya buɗe musu ƙofar SOAP. Banki ya riƙa samun 404. Filin da ke da @WebServiceRef ya zauna babu komai a ciki, saboda sashen da ke cika shi ba ya nan, sai NullPointerException a daidai layin aika tes.

Ba ɗakin kwamfuta ne ya fara lura ba. Matan kasuwa ne suka riƙa tare ma'aikata suna cewa sun zuba amma tes bai shigo ba. A harkar susu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hajiyar da ke zuba sidi 20 kullum ba ta da wata shaida sai katinta da saƙon wayarta, kuma a garin da mutane suka ga kamfanonin ajiya sun rufe da kuɗin jama'a, shirun kwana ɗaya ya isa ya sa ta aiko ɗanta ya karɓo mata kuɗinta duka. Kuɗin ba su ɓata ba, an rubuta kowane zubi, amma sai da aka bi rassa ana ba da haƙuri.

Gyaran shi ne a ambaci kowane sashe da sunansa:

```xml
<jboss-deployment-structure xmlns="urn:jboss:deployment-structure:1.2">
  <sub-deployment name="biya.war">
    <exclude-subsystems>
      <subsystem name="webservices"/>
    </exclude-subsystems>
  </sub-deployment>
  <sub-deployment name="rassa.war">
    <exclude-subsystems>
      <subsystem name="webservices"/>
    </exclude-subsystems>
  </sub-deployment>
</jboss-deployment-structure>
```

Dole sunan da ke nan ya zo daidai da sunan fayil ɗin a cikin EAR, harafi da harafi. Maven, kayan harhaɗa manhajar, yakan liƙa lambar siga a jikin suna, ya zama biya-1.0.war ko makamancinsa, sai saba ta ce ba ta ga sashen ba ta ƙi ɗorawa. An ɗaure sunayen da bundleFileName a cikin maven-ear-plugin. Haka kuma jar ɗin CXF da na Axis dole su tsaya a WEB-INF/lib na WAR ɗin da ke buƙatarsu. In aka tura su babban lib na EAR don rage nauyin fayil, duk sassa za su gan su, har da lissafi.jar, a koma gidan jiya.

An sa rassa.war a jerin duk da ba shi da aji mai @WebService ko ɗaya. Dalili ya zo ne daga tsarin da WildFly ke bi wajen nemo aji. Tana fara duba abin da sassanta suka ƙara wa fayil da kansu, sannan abin da ma'aikaci ya nema da suna, sai a mataki na uku ta leƙa WEB-INF/classes da WEB-INF/lib. Sashen webservices yana ƙara javax.xml.ws.api da javax.jws.api da javax.xml.soap.api. Ke nan muddin yana raye, saaj.jar ɗin da Axis ya zo da shi yana nan a fayil amma na saba ne ke gaba. Kashe sashen ya bar Axis da kayan da aka gina shi da su.

Wannan ƙa'idar ta ciji biya.war ta ɗaya gefen. Java 11, wadda ta fito a 2018, ta cire JAX-WS da SAAJ da JAXB daga jikinta, shi ya sa tun zaman Tomcat aka zuba jar ɗinsu a cikin WAR. A wajen ƙaura wani ya mayar da su duka provided a Maven, wato kada a sa su cikin WAR, bisa tunanin cewa cikakkiyar saba tana da su. Tana da su, amma sashen da ke miƙo uku daga cikinsu shi ne aka kashe, sai NoClassDefFoundError a kan javax/xml/ws. Aka mayar da jar ɗin JAX-WS da JWS da SAAJ tare da saaj-impl cikin WAR. JAXB kaɗai aka bari provided, domin sashen ee ne ke bayar da shi, kuma yana nan.

Ga masu wata sabar, tambayar ɗaya ce, makunnin ne ya bambanta. A WebSphere ana rubuta DisableIBMJAXWSEngine: true a MANIFEST.MF na WAR, a kuma juya tsarin nemo aji ya fara da na manhaja. A WebLogic ana jera fakitin da ake so a prefer-application-packages.

Ƙofar ta buɗe, banki bai shiga ba

Da sashen webservices ya dawo wa lissafi.jar, tes ya ci gaba da fita. Banki kuwa har yanzu 404 yake gani, saboda in ba a faɗa ba saba daga sunayen fayiloli da azuzuwa take ƙirƙiro adireshin ƙofar EJB, sunayen kuma sun sauya. Wannan gyaran minti kaɗan ne: context-root da port-component-uri a cikin META-INF/jboss-webservices.xml suka mayar da tsohon adireshi.

Bayan nan ne kuskuren da ya fi koyar da darasi ya fito. Saƙon banki ya iso ƙofa, ƙofa ta mayar da shi da wannan jimla ta CXF: "A SOAP 1.2 message is not valid when sent to a SOAP 1.1 only endpoint." Ba wanda ya taɓa ajin Java ɗin. To me ya mayar da ƙofar 1.1?

A tsohon lissafi.jar akwai fayil META-INF/webservices.xml. Lokacin share tarkace an goge shi, saboda an san WildFly ba ta ɗauke da injin JAX-RPC, tsohuwar ƙa'idar SOAP ta Java da JAX-WS ta gada, kuma an ɗauka fayil ɗin na wancan zamanin ne. Rabin zancen gaskiya ne. Fayil ɗin na ƙa'idar JSR 109 ne, da JAX-RPC ya fara, amma tun Java EE 5 a 2006 yake yi wa JAX-WS aiki shi ma, kuma abin da aka rubuta a cikinsa yana rinjayar alamomin da ke jikin aji. Hanyar gane na JAX-RPC ita ce a ga jaxrpc-mapping-file a ciki. Wannan ba shi da shi. Abin da yake da shi layi ɗaya ne mai nauyi, protocol-binding da ƙimar ##SOAP12_HTTP. Da layin ya tafi, JAX-WS ta koma ɗaurinta na asali, wato SOAP 1.1 a kan HTTP.

Bambancin sigogin biyu a kan waya yake, kuma ana ganinsa da ido. Ambulan ɗin 1.1 yana ɗauke da http://schemas.xmlsoap.org/soap/envelope/, yana tafiya da Content-Type na text/xml, kuma SOAPAction na zuwa a layinsa daban a kan saƙon HTTP. Na 1.2, wanda W3C ta tabbatar a 2003, yana ɗauke da http://www.w3.org/2003/05/soap-envelope, Content-Type ɗinsa application/soap+xml, action kuma a cikin wannan layin yake shiga. Siffar saƙon kuskure ma daban ce: faultcode da faultstring a 1.1, Code da Reason a 1.2. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin mai kiran da ke jiran Code bai iya karanta faultcode ba, sai ma'aikacin banki ya ga kwamfutarsa ta ce amsa ba ta karantu ba, alhali ainihin bayanin yana cikin amsar. Kowane inji kuma da yadda yake ƙin saƙo. CXF ya faɗi dalili a fili. Metro, injin GlassFish, lambar 415 yake mayarwa tun daga matakin Content-Type.

Akwai hanya biyu ta gyara: a mayar da fayil ɗin, ko a sa wa ajin alamar @BindingType mai ƙimar SOAP12HTTP_BINDING. An zaɓi alamar, kuma shi ne daidai a nan. Amfanin fayil ɗin bayani shi ne ya bar mai ɗorawa ya sauya ɗauri ba tare da an sake harhaɗa manhaja ba, abin da ke da amfani ga manhajar da ake sayar wa kamfanoni da yawa. Wannan ƙofa mai kira ɗaya gare ta, sigarsa kuma ba ta sauyawa. Barin shawarar a fayil na gefe da ba ya da alaƙa ta zahiri da ajin shi ya sa aka goge ta ba a sani ba.

Adireshin da ke cikin WSDL

Sabar tana bayan nginx, wanda ke riƙe takardar shaidar HTTPS ya tura saƙo ciki zuwa tasha 8080. Yawancin masu kira sukan karanta WSDL, su ɗauki abin da ke soap:address, su aika saƙo can. WildFly na sake rubuta wannan adireshi da kanta muddin modify-wsdl-address na kunne, kuma wsdl-host daga adireshin da aka ɗaure sabar yake samun ƙimarsa, in babu ya koma 127.0.0.1. Banki ya sauke WSDL lafiya ta sunan kamfanin, ya tarar da adireshin cikin gida da ba ya kaiwa daga waje. An gyara ta jboss-cli:

```
/subsystem=webservices:write-attribute(name=wsdl-host,value=SUNAN-SABAR-WAJE)
/subsystem=webservices:write-attribute(name=wsdl-uri-scheme,value=https)
/subsystem=webservices:write-attribute(name=wsdl-secure-port,value=443)
reload
```

Sai dai wannan ƙofar lissafi kaɗai ya shafa. Sauran biyun sun fita daga hannun sashen, umarninsa bai kai gare su ba. Ga biya.war sai da aka sa publishedEndpointUrl a fayil ɗin Spring. Axis kuma daga buƙatar da ta iso masa yake gina adireshi, don haka aka sa nginx ya riƙa miƙa Host na asali tare da X-Forwarded-Proto, aka kunna proxy-address-forwarding a kan http-listener na Undertow don sabar ta yarda da su. Inji uku, wurin gyara uku. Duk wanda ya zaɓi ya zo da injinsa, ya rubuta wa wanda zai gaje shi inda kowane saiti yake.

Bayan duk wannan rassa biyu suka ci gaba da kiran adireshin da ba daidai ba. SoapClient na PHP yana ajiye kwafin WSDL a faifai, kuma soap.wsdl_cache_ttl daƙiƙa 86400 ne in ba a sauya ba, wato kwana guda cur. Kwamfutocin da suka sauke WSDL a lokacin da yake da kuskure sun riƙe shi. Goge fayilolin da suka fara da wsdl- a babban fayil na wucin gadi ya warware su.

Dalilin da aka bar Axis

An yi muhawara a kan rassa.war, kuma mai neman a jefar da Axis yana da gaskiya a abu ɗaya: injin ya tsufa, Apache ta daina kula da shi, kuma an san ramukan tsaronsa. Shawararsa ita ce a sa wa azuzuwan @WebService a bar saba ta ɗauke su. Abin da ya hana shi ne salon saƙo. JAX-WS ba ta yin rpc/encoded ko kaɗan. Ta bi WS-I Basic Profile, wanda tun 2004 ya fitar da wannan salo daga abin da aka yarda da shi, kuma wsimport yakan ƙi WSDL mai use="encoded". A salon encoded ƙimomi na tafiya da xsi:type, jeri na zuwa a matsayin soapenc:Array, Axis kuma yakan fitar da abubuwa masu sarƙaƙiya zuwa multiRef ya nuna su da href. Salon asali na JAX-WS, document/literal mai naɗi, ba shi da ko ɗaya daga ciki. Sunan aiki zai iya zama ɗaya, ajin Java ɗaya, amma jerin zubin yini da reshe ya aiko ba zai karantu ba. Mafi muni shi ne filin da sunansa bai dace ba yana iya isowa babu komai a ciki maimakon a ƙi saƙon.

Saboda haka aka bar Axis, aka kewaye shi. An tabbatar enableRemoteAdmin na kashe a server-config.wsdd, an cire AdminServlet daga web.xml, an goge duk fayilolin .jws na misali da ke zuwa tare da shi, kuma nginx ba ya buɗe wannan hanya sai ga adireshin rassa. Wannan rage haɗari ne kawai, kuma haka aka rubuta wa Alhaji a rahoto.

Binciken WSDL ɗin rassa ya tono wani abu da ba shi da alaƙa da ƙaura: filin kuɗi xsd:double ne. Lamba irin wannan ba ta iya riƙe pesuwa 10 daidai, kusantarta take yi, kuma in aka tara zubin ɗaruruwan mutane ragowar kan fito a jimla. Ba a taɓa shi yanzu ba, domin sauya nau'in fili sauya yarjejeniya ne da mai kira. An dai sa shi a sahun farko na sabuwar ƙofa, inda kuɗi zai tafi a matsayin xsd:decimal ko cikakkiyar lambar pesuwa.

Gwajin da ya kamata a fara da shi

Kusan duk abin da ya faru da an kama shi cikin awa ɗaya da an yi abu biyu kafin a kashe tsofaffin sabobi. Na farko a sauke WSDL na kowace ƙofa a ajiye, bayan ɗorawa a sake saukewa a gwada su da diff. Layin da ya tashi daga soap12:binding ya koma soap:binding ba ya ɓuya, haka adireshin 127.0.0.1, haka ƙofar da ba ta ba da WSDL gaba ɗaya. Na biyu a ajiye saƙo na gaske guda daga kowane mai kira, bayan an cire sunaye da lambobin wayar masu zubi kamar yadda dokar kare bayanai ta Gana ta 2012 ke buƙata, a riƙa aika shi da curl tare da ainihin Content-Type ɗinsa. Saƙon da kayan gwaji suka ƙirƙiro daga sabon WSDL ba ya kama komai, domin daga kuskuren aka haife shi, dole su dace. Saƙon momo mai sa hannu shi ne ba ya ajiyuwa, saboda hatimin lokacin da ke jikinsa yana ƙarewa cikin mintoci, don haka sai an nemi kamfanin ya aiko sabo daga sabarsa ta gwaji.

Yanzu rubutun ɗorawa na kamfanin yana ƙarewa da tambayar sabar kai tsaye:

```
/deployment=susu.ear/subdeployment=lissafi.jar/subsystem=webservices:read-resource(recursive=true)
```

In amsar ba ta jero ƙofar lissafi ba, ana ɗaukar ɗorawar ta faɗi, a mayar da tsohon fayil. Ana yi wa biya.war da rassa.war tambayar su ma, su kuma abin da ake jira shi ne sabar ta ce ba ta da ƙofa a can. An kuma mayar da lokacin ɗorawa bayan sallar isha'i, lokacin da rassa suka rufe lissafin yini, ba kuma a yi a kwanakin ƙarshen wata da masu susu ke zuwa karɓar kuɗinsu.

Abin da ya rage shi ne zaman WildFly 26.1 kansa, wanda ba zai yi tsawo ba tunda gyare-gyare a sabbin sigogi suke fitowa. Kashin lissafi sauya javax zuwa jakarta kawai yake buƙata. Kashin biya yana buƙatar CXF 4 da Spring 6, shi kuma Spring 6 Java 17 yake nema. Axis 1.4 ba shi da sigar jakarta, don haka an fara gina sabuwar ƙofar rassa a cikin lissafi.jar, a kan injin saba, da salon document/literal da SOAP 1.1 wanda SoapClient ke yi ba tare da ƙarin saiti ba. Za ta zauna a adireshi daban kusa da tsohuwar, a riƙa mayar da rassa ɗaya bayan ɗaya, Aboabo da farko saboda nan ofishin masu kwamfutar yake. Rajistar nginx ce za ta nuna ranar da kira ya daina zuwa tsohuwar hanya, kuma sai an cika wata guda, har da ranakun biya, ba kira ko ɗaya, sannan a cire rassa.war daga susu.ear tare da layukansa a jboss-deployment-structure.xml.